Abincin ranar biki ga wanda zai ci shi kaɗai

Wani ɗan'uwa mai aiki a Turai ya rubuto yana cewa biki ya ƙarato kuma an ba shi hutun yini ɗaya a wurin aiki, amma abokan zamansa duk za su yi tafiya, iyalinsa suna nesa, shi kuma takardunsa ba su kai ga ba shi damar fita ya dawo ba tukuna. Yana tambaya ko me ya dace mutum ya ci a irin wannan rana idan shi kaɗai ne, da ko akwai amfanin wahalar da kai da girki tun da babu wanda za a ci tare da shi. Ya ƙara da cewa 'yan'uwansa sun yi tayin aiko masa da nama ta hannun wani matafiyi.

Ɗan'uwa, Allah ya sa mu ga ranar lafiya, ya kuma sauƙaƙa maka al'amarin takardun nan. Shawarata ita ce ka yi girki, amma ka tsaya a kan abinci guda ɗaya mai kyau wanda aka auna daidai cikin mutum ɗaya ko biyu. Wanda biki ya riske shi kaɗai yakan ce ranar ba ta da bambanci da sauran ranaku, ya ci burodi a tsaye ya koma ya kwanta, sai da yamma baƙin ciki ya taso masa. Wani kuma yakan ɗora tukwane kamar yadda ya saba gani a gidan da mutum goma ke ci, ya gaji tun kafin ya zauna, sannan yawan abincin da ke gabansa ya riƙa tuna masa waɗanda ba sa nan. Abin da kake bukata shi ne girkin da zai ɗauke ka ɗan lokaci, wanda hannunka zai yi aiki a cikinsa kuma ƙamshinsa ya cika ɗaki, domin wannan aikin da wannan ƙamshin su ne suke raba ranar da sauran ranakun mako.

Idan akwai obin, wato na'urar gashi mai ƙofa, a inda kake, abin da na fi ba da shawara shi ne cinyoyin kaza biyu ko uku masu ƙashi da fata, a jera su a faranti ɗaya na gashi tare da dankali da karas da albasa, a zuba ɗan mai da gishiri da tafarnuwa da kayan ƙamshin da ka fi so, a gasa a zafin digiri 200 na Selshiyas tsawon minti 40 zuwa 45. Na zaɓi cinya ne saboda tana da maiƙo da jijiya fiye da ƙirji, don haka ko ka yi jinkirin saukewa ba za ta bushe ba, alhali ƙirjin kaza idan ya wuce lokacinsa da 'yan mintoci kaɗan sai ya yi tauri. Kaza guda kuwa mai nauyin kilo ɗaya da rabi abincin mutum huɗu ce, kuma za ka gaji da ita kafin ta ƙare. Kaza ta nuna idan zafin tsakiyar namanta ya kai digiri 74. Idan ba ka da ma'aunin zafi, ka tsaga kusa da ƙashi ka tabbatar babu ja a naman kuma ruwan da ke fita garau yake.

Idan kuma murhu kawai gare ka, ka nemi naman rago ko na sa daga kafaɗa ko ƙwauri, kamar rabin kilo, ka soya shi sama-sama har ya yi ja, ka zuba albasa da tumatir da ruwa kaɗan, ka rufe ka rage wuta sosai ka bar shi sa'a biyu zuwa uku. Irin wannan nama mai jijiya ba ya son gaggawa, domin jijiyar tana narkewa ne a hankali ta koma romo mai kauri, kuma washegari yakan fi daɗi fiye da ranar da aka dafa shi, wanda hakan alheri ne ga mai komawa aiki da sassafe. Kifi ma zaɓi ne mai kyau kuma yana nuna cikin kamar minti 15, sai dai ba ya daɗin ɗumame, ƙarninsa kuma yakan daɗe a gidan da ake haɗa madafi da wasu. Shinkafa ɗanya giram 75, wato ƙasa da rabin kofin shayi babba, ta ishi mutum ɗaya.

Kada ka bar farantin ya zama nama da shinkafa zalla. Ka yanka kokwamba da tumatir da ganye ka matsa lemun tsami, domin abu mai tsami da sanyi yana yanke maiƙo, kuma abinci mai nauyi da aka ci da rana yakan kawo kasala da dogon barci, wanda ba shi ne abin da mai kaɗaici yake bukata ba. Kayan zaƙi ba sai ka yi da kanka ba, ka sayi yanki ɗaya mai kyau ko 'ya'yan itacen da ba ka saba saya wa kanka ba saboda tsimi. A ganina nan ne ya kamata ɗan kuɗin da ka ware ya tafi, wato ka sayi kaɗan amma mai inganci, kuma ba na ganin laifi ga mai aika kuɗi gida kowane wata ya yi wa kansa wannan sau ɗaya.

Ka yi cefane kwana biyu kafin ranar, musamman idan ta zo daidai da hutun ƙasar da kake, domin a ƙasashe irin su Jamus yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi da ranakun hutu. Idan naman a daskare yake, ka mayar da shi cikin firiji tun daren jajibiri ya narke a can, kada ka bar shi a kan tebur ya kwana.

Game da naman da ake son aiko maka, ka yi musu godiya ka ce su bari. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara da abin da aka yi da su daga mafi yawan ƙasashen da ke wajen tarayyar, ko a jaka ko ta gidan waya, dafaffe ne ko busasshe, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Ingila ma tana da irin wannan doka, a Amurka kuma dole ne a bayyana wa jami'an kwastam duk abincin da aka ɗauko. Abin da aka kama ana ƙwacewa a lalata, ana kuma iya cin tara, kuma bai kamata ka jefa wanda ya yi niyyar taimakonka cikin wannan ba, balle kai da ke jiran takardu sunanka ya fito a jikin ƙunshin da aka kama.

Ka sa wa cin abincin lokaci, ka zauna a tebur da faranti, kada ka ci daga tukunya. Kiran gida kuma na fi so ka yi shi yayin da abincin ke kan wuta, bayan kun yi la'akari da bambancin agogo, domin wanda ya kira a tsakiyar ci yakan ajiye waya ya tarar abincin ya huce, shi kuma ransa ya tafi wani wuri. Idan kana da maƙwabci ko abokin aiki da shi ma ranar ta same shi shi kaɗai, ka zuba masa kaso na biyu ka miƙa masa, bayan ka tambaye shi ko akwai abin da ba ya ci.

Abin da ya saura ka sa shi a firiji kafin sa'a biyu su wuce, cikin ƙaramin mazubi mai murfi, firijin kuma kada zafinsa ya haura digiri 5. Nama dafaffe ka cinye shi cikin kwana biyu zuwa uku, ko ka daskarar da shi idan ka san ba za ka kai gare shi ba. Shinkafa ta fi bukatar kula, domin akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, wadda idan shinkafar ta daɗe a ɗumi take hayayyafa ta fitar da gubar da ɗumame ba ya kawar da ita. Saboda haka ka baza ta ta huce da wuri, ka sa ta a firiji cikin sa'a ɗaya, ka ci ta washegari bayan ka ɗumama ta har ta yi tururi sosai, kuma kada ka ɗumama ta fiye da sau ɗaya, domin amai da gudawa a ɗakin da babu mai miƙa maka ruwa sun fi wahala ƙwarai.