Kada ka taɓa kuɗin iƙamarka saboda jerin sunayen Sallah

Wani ɗan'uwa mai tuƙi a Jidda ya rubuto cikin damuwa. Jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sun kama ƙaninsa da kwalayen Tramadol, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ɗaure shi shekara 6, yanzu ya shekara 3 a gidan yarin Kurmawa. Kawunsu ya kawo wani mutum da ya ce da naira miliyan 2 zai sa sunan yaron cikin waɗanda gwamna zai yi wa afuwa da Sallah, in hakan bai yiwu ba ya nemo masa sakin talala. Hajiya, mahaifiyarsu, kullum kuka take a waya. Kuɗin da ke hannun mai wasiƙar kuwa na sabunta iƙama ne, wato takardar izinin zama a Saudiyya. A ƙarshen wasiƙar ya ambaci cewa bara an kama yaron da wayar salula a ɗaki.

Ɗan'uwa, Allah ya yaye muku. Amma kada ka tura ko kwabo. Mutumin nan abin da ba ya hannunsa yake sayar muku, ba ya ma hannun gwamnan da yake fakewa da sunansa. Sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon afuwa ne a kan laifin da ya saɓa wa dokar jiha. Laifin ƙwaya da aka yanke a kotun tarayya yana ƙarƙashin sashe na 175, wato sai shugaban ƙasa. Waɗanda kake jin an sako da Sallah a Kurmawa da Goron Dutse galibi masu ƙananan laifuka ne, ko waɗanda aka biya wa tara.

Sakin talalar ma ba ta hau kansa ba. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 468, ta tanade ta ga wanda aka ɗaure shekara 15 zuwa sama ko rai-da-rai, bayan ya ci kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa. Shi ma sai shugaban hukumar gidajen gyaran hali ya shaida wa kotu kyawun halinsa, alƙali ya saurari masu gabatar da ƙara. Ina dillali yake a wannan layi?

Na ga irin wannan a nan Kano ba sau ɗaya ba. Su zo da babbar riga, su ce suna da mutum a gidan gwamnati, su karɓi rabi. Sallah ta wuce shiru, su ce an ɗage zuwa ranar 'yancin kai, a ƙaro na "sa hannu". Akwai gidan da gona ta tafi a haka, ɗansu kuma bai fito ba sai ranar da takardarsa ta ce.

Abin da ƙaninka yake da shi na gaske, wanda kowa ya manta da shi, rangwame ne. Fursunan da ya zauna lafiya ana yafe masa kashi ɗaya cikin uku na ɗaurinsa, shekara 6 ta koma 4. Ka ga saura kamar shekara guda ke nan, kyauta. A nan ne wayar nan ta fi damuna fiye da komai a wasiƙarka, kai kuma a ƙarshe ka sako ta kamar ba komai ba ce. Duk laifin da aka yi a ciki, faɗa ne, waya ce, wiwi ce, yana shiga fayil, kuma ana iya zaftare kwanakin rangwame a kansa. Wa yake tura masa katin waya? Wa yake kiransa da daddare a gaisa? In 'yan gida ne, to su ne suke ƙara masa kwana da hannunsu.

Batun kawu kuwa, ina tare da kai. Wanda ya ce "in ba ka tura ba ka yar da jininka" bai yi maka adalci ba. Kai ka san abin da ke biyo bayan iƙamar da ta mutu: tara, asusun banki ya tsaya, kana tafiya kana waige, ƙarshe a tuso ƙeyarka. Ranar nan wa zai sayi maganin Hajiya? Biyayya ga mahaifiya wajibi ce, amma ba ta ce ka miƙa guminka ga ɗan damfara ba. Ka kira ta ita kaɗai, ba a gaban kawu ba, ka lallashe ta, ka gaya mata saura nawa.

Ka sa wani amintacce ya je ziyara, ya nemi jami'in walwala, a duba masa ranar fitar da ke rubuce a fayil, da ko an taɓa rangwamen bayan maganar wayar. A kuma karɓo kwafin hukuncin, lauya ko ofishin ba da agajin shari'a kyauta ya duba ko daga ranar kamu aka fara ƙirga. Shi kuma yaron a faɗa masa da kakkausar murya ya rabu da waya, ya shiga ajin ɗinki ko kafinta na cikin gidan. Ka sabunta iƙamarka wannan watan.