Kashin farko na sabon anime ya isa a yanke masa hukunci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk bayan wata uku sai in ga an sako sababbin anime, wato finafinan zane na Japan, rututu, kowa na yabon nasa. Ni kuwa datata ba ta da yawa, lokacina ma haka. Idan na kalli kashin farko, ya isa in san wanda zan bi da wanda zan watsar? Abokaina sun ce sai an kalli kashi uku.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokanka suna da gaskiya, amma dalilin da ya sa suke da gaskiyar shi ne abin da ya kamata ka riƙe.

Gidajen talabijin na Japan sun raba shekara gida huɗu: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. A farkon kowane ɗaya ake fara sababbin shirye-shirye, sukan haura arba'in a lokaci guda, mafi yawansu kashi 12 ko 13, kowane kashi kimanin minti 24, kuma da yawa cikin tsakar dare ake haska su. Ba situdiyon da ke zanen ne kaɗai ke zuba kuɗi ba. Yawanci kwamiti ne na kamfanoni: mai buga littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, kamfanin waƙa, mai sayar da kayan wasa, da mai haskawa ta intanet. Dukkansu sun san cewa a makon farko ne mai kallo ke zaɓen abin da zai bi. Saboda haka kashin farko talla ne. Shi ake ba lokaci mafi tsawo, sau da yawa babban darakta da kansa ke tsara hotunansa, kuma ƙwararrun masu zane ake tara masa.

Matsalar tana zuwa ne daga baya. Anime da dama ana haska su alhali ba a gama zana na gaba ba, sai lokaci ya ƙure, a rarraba aikin ga wasu kamfanoni a ciki da wajen Japan. Dubi Zom 100 na situdiyon Bug Films, wanda ya fara a Yulin 2023. Kashinsa na farko ya burge kowa da launukansa, amma aka yi ta ɗage fitowa, har kashi uku na ƙarshe ba su fito ba sai ƙarshen Disamba. Uzumaki na 2024 ya fi ban takaici: kashin farko cikin baƙi da fari ya yi kyau matuƙa, na biyu kuwa zanen ya faɗi warwas. Wonder Egg Priority na CloverWorks a 2021 ya fara da ƙarfin da har yau nake jin sa a raina, amma aiki ya cushe, aka cike gurbin mako guda da maimaicin abin da ya wuce, ƙarshen labarin bai zo ba sai bayan watanni, kuma bai gamsar da mutane da yawa ba. Abin yana ba ni tausayi, domin masu zanen nan ba rashin iyawa ne ya kayar da su ba, rashin lokaci ne.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wato shirin da ke ɓoye ainihinsa. Madoka Magica na situdiyon Shaft a 2011 shi ne misalin da aka fi kawowa: kashi biyu na farko sai ka ɗauka labarin 'yan mata ne mai sanyi, a na uku ne komai ya juya. Ba zan faɗa maka abin da ya faru ba. Steins;Gate, shi ma na 2011, yana tafiyar hawainiya har wajen kashi na 12. Demon Slayer ya fara a Afrilun 2019, amma kashi na 19 ne ya sa duniya ta waiwayo shi. Masu shiryawa ma sun gane minti 24 ba ya isar kowane labari, shi ya sa Oshi no Ko ya buɗe da kashi mai kusan minti 90 a 2023, Frieren kuma aka haska kashi huɗu a dare guda a tashar Nippon TV.

To me kashin farko zai iya gaya maka? Zai nuna maka rubutu. Idan jaruman suna tsayawa suna yi wa juna bayanin abin da dukkansu suka sani domin kai mai kallo ka ji, ko jarumin ya farka a wata duniya da ƙarfin da ba wanda ya kai shi kuma ba abin da yake nema, da wuya kashi na biyar ya gyara wannan. Irin wannan ka watsar tun ranar farko, ba ka yi asara ba. Haka idan akwai tsiraici ko abin da zuciyarka ta ƙi, ba sai ka jira kashi uku ba.

Abin da ba zai gaya maka ba shi ne juriyar situdiyon. Wannan sai a kashi na uku zuwa na biyar. Lura da wuraren da ba faɗa ake yi ba, inda mutum biyu ke zaune suna hira: fuskoki na sauya kama idan an ɗauko su daga nesa? Baki kaɗai ke motsi, jiki a sandare? Sannan ka duba sunayen da ke wucewa a ƙarshe. Idan kashi ɗaya ya tara masu duba zane barkatai, galibi alama ce an yi aikin cikin gaggawa.

Tunda datarka ƙalilan ce, shawarata ka zaɓi biyar ko shida a makon farko, ka zubar da masu raunin rubutu nan take, ka ba biyu ko uku dama har kashi na huɗu. Sauran ka bar su zangon ya ƙare, ka ji abin da waɗanda suka kalla har ƙarshe suka ce, sannan ka sauke.