Filin Tambaya da Amsa: Hanyar Zama Masanin Halayyar Zamantakewa a Jami'a

Wasiƙun wannan fitowar duk daga Legas suke, kuma duk a kan fanni ɗaya: reshen saikoloji da ke nazarin yadda mutum ke tunani da aikatawa idan yana cikin jama'a.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta gama sakandare, ta dage sai ta karanta saikoloji, wai ɓangaren zamantakewa take so. Maƙwabta suna ce mini ƙarshenta a asibitin masu taɓin hankali na Yaba za ta yi aiki. Haka ne? Daga wata Hajiya a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Aikin Yaba aiki ne mai daraja, sai dai ba shi 'yarki take nufi ba. Mutum uku ne ake yawan cakuɗawa. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya karanta likitanci, shi ke rubuta magani. Akwai masanin halayya na asibiti, mai gwada majinyaci da yi masa jinya ta hanyar tattaunawa. Na ukun shi ne masanin halayyar zamantakewa, kuma shi masu lafiya yake nazari: yadda jita-jita ke yaɗuwa, yadda ƙiyayya ke tsiro tsakanin ƙabilu, da abin da ke sa mutum ya sauya magana idan ya shiga taro.

Ga misalin aikinsu. A farkon shekarun 1950, Solomon Asch a Amurka ya riƙa zaunar da mutum ɗaya cikin wasu da aka riga aka haɗa baki da su. Sai a nuna layi ɗaya a kati, da layuka uku a wani katin, a ce wanne ne tsawonsu ɗaya da na farko. Amsar a fili take, amma waɗanda aka shirya sai su zaɓi kuskure baki ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin mutanen da ake gwadawa sun bi kuskuren taron, kuma kusan uku cikin huɗu na mutanen sun bi taron aƙalla sau ɗaya. Da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya kafin su, bin taron ya ragu ƙwarai.

Jami'ar Legas da ke Akoka da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo duk suna da sashen saikoloji. Digirin farko shekara huɗu ne, ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ta duba littafin JAMB na shekarar da za ta rubuta, domin darussan da ake haɗawa sun bambanta tsakanin jami'o'i. A digirin farko kowane reshe ake taɓawa, ƙwarewa sai a digiri na biyu. Ki gaya mata tun yanzu kada ta shiga don gudun lissafi, fannin cike yake da ƙididdiga.

Tambaya: Ina bautar ƙasa a nan Legas, na fita da 2:1 a saikoloji. Burina in zama farfesa a wannan reshe. Yaya matakan suke, kuma shekara nawa zan ɗauka? Daga wani matashi a Obalende.

Amsa: Allah ya cika buri. Sakamakonka ya isa neman digiri na biyu, wanda kan ɗauki wata 18 zuwa shekara biyu. Ka yi ƙoƙari ka fita da maki mai kyau, domin jami'o'i da dama suna neman matsakaicin kashi 60 cikin ɗari ko makamancinsa kafin su ba ka gurbin digirin digirgir, shi kuma shekara uku ne mafi ƙaranci, kuma sau da yawa yakan zarce. Yajin aiki ma yana cin lokaci: na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2022 wata takwas ya kwashe.

Mai digiri na biyu yakan fara a matsayin mataimakin lakcara, mai digirin digirgir kuma a lakcara na biyu. Daga nan sai lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. A al'ada shekara uku ce mafi ƙaranci tsakanin mataki da mataki, ka ga ke nan daga lakcara na biyu zuwa farfesa shekara 12 ce idan babu tangarɗa ko ɗaya. A matakai biyu na ƙarshe ana tattara rubuce-rubucenka a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su auna su a asirce. Farfesa yana ritaya yana da shekara 70.

Aikin kashi uku ne: koyarwa, bincike, da hidimar al'umma. Koyarwa ce ke cinye ranar, da azuzuwa masu ɗaruruwan ɗalibai, da tulin takardun jarrabawa, da kundayen 'yan ajin ƙarshe, amma bincike aka fi dubawa ranar ƙarin girma. A nan mutane da yawa ke maƙalewa, shekaru su wuce suna kan mataki ɗaya. Maganinsa shi ne ka ware wa rubutu ranaku sanannu a mako tun daga shekararka ta farko, ka kuma tsaya a kan tambaya ɗaya da za a san ka da ita. Kafin ka zaɓi mai duba kundinka, karanta abin da ya wallafa a shekaru biyar na baya, ka kuma tambayi ɗalibansa ko yana mayar da babi a kan lokaci. Tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kuwa na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, don haka kada ka ɗora lissafin digirinka na biyu a kansa.

Tambaya: Ina digiri na biyu, bincikena a kan yarda da juna ne tsakanin 'yan kasuwa Hausawa da Yarabawa a kasuwar Mile 12. Na raba takardun tambayoyi, amma malamina ya ƙi karɓar bayanan, ya ce in sake. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba a Ketu.

Amsa: 'Yar'uwa, malaminki bai zalunce ki ba. A irin wannan aiki wurare huɗu ne aka fi samun ɓaraka.

Mafi girmansu ita ce fassara. Yawancin ma'aunan fannin nan da Turanci aka rubuta su, aka kuma gwada su a kan ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka. Idan kika tsaya gaban mai tumatir kina fassara masa tambaya da baki, yau haka gobe haka, to kowane mutum tambaya daban ya amsa, kuma ba a haɗa irin waɗannan amsoshin a lissafi ɗaya. Yadda ake yi: mutum ɗaya ya mayar da takardar Hausa a rubuce, wani dabam da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da Hausar Turanci, sai ku zauna ku kwatanta, duk inda ma'ana ta kauce a gyara. Haka za a yi wa ta Yarabanci. Bayan nan ki gwada ta a kan mutum 30 zuwa 50, ki auna daidaiton tambayoyin da ma'aunin alfa na Cronbach. Idan ya gaza 0.70, mai yiwuwa akwai tambayoyin da ba abu ɗaya suke aunawa da sauran ba. Matakan amsa biyar ɗin nan, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", suna rikita wanda bai saba da su ba. Ki raba su gida biyu: fara da "ka yarda ko ba ka yarda ba?", sannan "sosai ko kaɗan?"

Sai wanda ke yin tambayar. Bahaushe da Bayerabe ke tambayarsa ko ya yarda da Yarabawa, kunya da kara za su sa ya ce ya yarda. Ki samu masu taimaka miki daga ɓangarorin biyu, ki rubuta wa ya tambayi wa, don ki iya duba tasirin hakan a lissafi. Kada a yi tambayar a gaban uban gida ko abokan rumfa, gwajin Asch ya nuna abin da zai biyo baya.

Na uku, zaɓen mutane. Idan 'yan garinku da waɗanda suka sakar miki fuska kawai kika tambaya, ba kasuwar kika auna ba. Ki fara da gaishe da shugabannin kasuwa ki nemi izini, ki zana layukan, na albasa, na tumatir, na doya, sai ki riƙa ɗaukar kowace rumfa ta biyar. Ki guji safiya lokacin da ake sauke kaya, babu mai sauraronki. Yawan mutanen ma lissafa shi ake yi tun kafin a fita, da manhaja irin G*Power. Don gano matsakaicin bambanci tsakanin rukuni biyu ana buƙatar kusan mutum 64 a kowane rukuni, idan bambancin ƙarami ne kuwa sai ɗaruruwa.

Na huɗu, izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku, da amincewar kowane mai amsa. Kasuwar da ta ga rikici a watan Maris na 2016 ba wurin rubuta sunan mutum kusa da ra'ayinsa a kan wata ƙabila ba ce. Lamba za ki sa a madadin suna.

Abu ɗaya muke roƙon ki: ko sakamakon bai fito yadda kike so ba, kada ki taɓa alƙaluman. Diederik Stapel ya taɓa zama babban farfesa a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, a 2011 aka gano ƙirƙirar bayanai yake yi, aka janye fiye da maƙaloli 50 nasa. A 2015 kuma wata babbar tawaga ta sake gudanar da bincike 100 da aka wallafa a saikoloji, kusan kashi 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Shi ya sa yanzu ake rubuta hasashe da tsarin lissafi a OSF, shafin intanet da masu bincike ke ajiye tsarin aikinsu, kafin a tattara bayanai. Kyauta ne, kamar yadda manhajojin lissafi na R da jamovi suke kyauta.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne. Wace fa'ida wannan ilimi yake da ita gare mu da ke zaune cikin wasu ƙabilu? Daga wani Alhaji a Alaba Rago.

Amsa: Ranka ya daɗe, fa'idar tana wajen gane abin da ke kashe gaba da abin da ba ya kashe ta. A 1954 Muzafer Sherif, ɗan asalin Turkiyya, ya raba yara maza 22 gida biyu a wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka. Gasa ta haddasa gaba a tsakaninsu, kuma zaunar da su cin abinci tare bai kashe ta ba. Ta lafa ne da aka sa su aikin da rukuni ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, kamar gyaran hanyar ruwan sansanin da jan motar da ta mace. A shekarar ce Gordon Allport ya bayyana sharuɗɗan cuɗanya mai amfani: matsayi ɗaya, manufa ɗaya, haɗin kai, da goyon bayan shugabanni.

An gwada wannan a gida. Alexandra Scacco da Shana Warren sun shirya wa samari Musulmi da Kirista koyon kwamfuta na mako 16 a Kaduna, suka wallafa sakamakon a 2018. Ra'ayin samarin a kan juna bai sauya ba, amma waɗanda aka cakuɗa a aji ɗaya sun fi waɗanda aka ware yin adalci wajen rabon kuɗi a gwajin da aka yi musu, kuma ware mutane da 'yan addininsu kaɗai ya ƙara nuna bambanci. Don haka idan ƙungiyarku za ta kafa kwamitin tsaro, ko na kwashe shara, ko na gyaran magudanar ruwa, a haɗa shi da maƙwabtanku, a raba muƙamai daidai, shugabannin ɓangarorin biyu kuma su tsaya masa a fili.