Na wanke motar rimot da tiyo, yanzu tayoyinta suna ƙara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na saya wa ɗana motar rimot ƙirar Traxxas Slash, muna wasa da ita a filin unguwarmu. Da ta sha ƙura sai na wanke ta da tiyo, tunda an ce ruwa ba ya yi mata komai, sannan na fesa man gwangwanin nan na hana tsatsa, WD-40, a tayoyin. Bayan mako biyu sai ga ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Me ya faru, kuma yaya zan riƙa wanke ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, boris ɗin tayoyin ne suke kuka, wato 'yan zobban ƙarfen da ke sa taya ta juya sumul. Da aka ce motar ba ta tsoron ruwa, kayan lantarkinta ake nufi, wato akwatin da ke karɓar saƙon rimot da na'urar daidaita gudu da mai juya sitiyari. Boris kuwa ƙarfe ne, yana tsatsa.

Na tayoyin wannan motar ƙanana ne, galibinsu ramin tsakiya milimita 5, faɗi 11, kauri 4. A ciki akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe da ɗan giris, an rufe su da murfin roba siriri. Murfin yana tare ƙura da fantsamar ruwa, amma ba zai iya da ƙarfin tiyo ba. Ruwan ya kutsa, ya tura yashi ciki, ya rasa hanyar fita. Shi kuma WD-40 ya narkar da giris ɗin da ya rage, ya bar ɗan maiƙon da ba ya daɗewa. Ƙarfe ya haɗu da yashi ba mai a tsakani, ƙarar da kake ji ke nan.

Ni abin da na fi so shi ne wankin da ba ruwa, musamman da hunturu da dattin duk ƙura ce busasshiya. Ka fara cire batir. Ka kwance tayoyi da gangar jikin, waɗannan ka wanke su da sabulu, amma kada ka tsoma tayoyin a bokiti, domin soson da ke cikinsu yana shan ruwa. Sauran motar, buroshin fenti mai laushi da tsohon buroshin haƙori da tsumma mai ɗan danshi sun isa. In za ka busa iska, ko da injin mai faci ne, ka tsaya nesa-nesa, kada ka saita bakinsa a kan boris. Kada kuma ka bari iskar ta riƙa wulwula shi, gudun yana wuce ƙarfinsa.

Sai gyaran na yanzu. Ka zaro kowane boris, ka riƙe tsakiyarsa ka juya da yatsa. Lafiyayye yana tafiya sumul, shiru. In ka ji gurzawa, ka ɗaga murfin robar a hankali da bakin allura, ka jiƙa boris ɗin a sifirit kana girgizawa har baƙin datti ya daina fita, ka bar shi ya bushe sarai. Ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki ya wadatar, ko ɗan giris kaɗan in wurin wasanku akwai laka. Ka mayar da murfin, ka goge bayansa tas, don mai a waje ƙura yake kira. Fetur kam kada ya kusanci motar, yana cin roba.

Wanda ya yi jan tsatsa, ko yake girgiɗi, ko bai daina gurzawa ba bayan wanki, ka canza shi. Kuɗinsa kaɗan ne, in kuwa ya cije ana cikin gudu, zafi zai narkar da mazauninsa na roba. Ka sayi masu murfin roba, sun fi masu murfin ƙarfe jure ƙurarmu, kuma ka canza biyun da ke taya ɗaya tare.