Shin Kazakawa suna da masu tsara kiɗa nasu kafin zamanin Sobiyet?

Tambaya: Malam, na ji taken ƙasar Kazakistan a wata gasar dambe, ya burge ni. Wani abokina ya ce duk kiɗan ƙasar Rashawa ne suka kawo musu a zamanin Tarayyar Sobiyet. Shin haka ne, ko suna da nasu masu tsara kiɗa?

Amsa: Malam mai tambaya, abokinka ya taɓo wani ɓangare na gaskiya, amma ya bar mafi girmansa. Abin da zamanin Sobiyet ya kawo shi ne makarantun kiɗa, da rubuta kiɗa a takarda, da manyan ƙungiyoyin makaɗa irin na Turai. Tsara kiɗa kuwa Kazakawa sun daɗe da shi, suna yinsa da dombra, wani abin kiɗa mai dogon wuya da tsirkiya biyu, wanda duk wanda ya san garaya zai gane fasalinsa.

Wanda ya fi kowa suna shi ne Kurmangazy, mutumin yammacin ƙasar, wanda ya rayu a ƙarni na 19. Ya shahara da küy, wato kiɗan tsirkiya zalla ba tare da waƙa ba, wanda kowane ɗaya yake da labarin da ke bayansa, makaɗi kan ba da labarin kafin ya fara kaɗawa. Daga cikin nasa akwai Saryarka da Adai, sai kuma Kishkentai, wanda ake dangantawa da boren da wani jagoran Kazakawa, Isatay Taymanov, ya jagoranta daga 1836 zuwa 1838. An ɗaure shi fiye da sau ɗaya a ƙarƙashin mulkin sarkin Rasha, kuma kabarinsa yana yankin Astrakhan, cikin Rasha ta yau. Bai rubuta kiɗansa a takarda ba, amma ni a ganina wannan bai rage masa komai ba, domin kowane küy nasa yana da mai shi, yana da tsari tsayayye, kuma almajirai suna haddace shi kamar yadda aka tsara. A tsakiyar ƙasar kuma akwai Tattimbet, wanda salonsa ya fi taushi da natsuwa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda wannan gado ya tsallako zuwa ƙarni na 20. Almajirar Kurmangazy, Dina Nurpeisova (1861–1955), ta yi tsawon rai har ta kai zamanin da ake iya naɗar sauti, aka kawo ta Almaty, babban birnin ƙasar a lokacin, da tsufanta, ta kaɗa abin da ta karɓa daga hannun malaminta. Ahmet Zhubanov, wanda ya kafa ƙungiyar makaɗan kayan gargajiya a 1934, yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka wajen tattara wannan kiɗa da tarihin masu shi. Ƙungiyar tasa da babbar makarantar kiɗa ta Almaty duk sunan Kurmangazy suke ɗauke da shi a yau.

Inda maganar abokinka take da ƙarfi shi ne fannin ofera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa. Ta farko da harshen Kazak, Kyz Zhibek ta 1934, Yevgeny Brusilovsky ne ya tsara ta, shi kuwa ba Bakazake ba ne, sai dai da waƙoƙin gargajiyar Kazakawa ya gina ta. Ba a daɗe ba 'yan ƙasa suka karɓi aikin: Zhubanov, tare da Latif Hamidi wanda shi ɗan ƙabilar Tatar ne, suka fitar da Abai a 1944, Mukan Tulebayev ya fitar da Birzhan da Sara a 1946. 'Yar Zhubanov, Gaziza Zhubanova (1927–1993), ita ma ta zama babbar mai tsara kiɗa, har ta shugabanci makarantar ta Almaty.

Shi kuwa taken da ka ji, Shamshi Kaldayakov ne ya tsara kiɗansa a 1956, Zhumeken Nazhimedenov ya rubuta baitocin. Mutane sun yi shekara hamsin suna rera shi a matsayin waƙar kishin ƙasa kafin a mayar da shi taken ƙasa a 2006, bayan an yi wa baitocin gyara. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya fasahar küy ta dombra cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Idan kana son ka ji asalin abin da kunnenka, ka fara da Adai a hannun makaɗi guda, sannan ka saurari yadda ƙungiyar makaɗa take kaɗa Saryarka.