Ku Tambayi Malamar Jinya: Nonon shanu ya ƙi yarona, in koma na akuya?

Assalamu alaikum Malama. Yarona watansa bakwai, tun haihuwa nonona kaɗai yake sha. Ran Juma'a kakarsa ta ba shi fura da nono a bakin ludayi, bai fi kurɓi uku ba. Kafin mu gama shan tamu leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa a fuska da wuya, ya yi amai. Zuwa la'asar ya washe. Inna ta ce nonon shanu ne ya yi masa nauyi, a koma na jar akuyarmu. Maƙwabciyata kuma ta ce madarar da ba ta da laktos zan saya a farmasi, ita ɗanta ya sha ya samu sauƙi. Wa zan bi?
Uwar goyo, unguwar Bagalam, Maradi

Malama, barka da aiki. Ɗiyata shekararta biyu da rabi. Da damina ta yi zawo mai tsanani, ta samu lafiya. To amma tun daga nan, in aka dama mata madarar gari a koko, sai ciki ya kumbura yana ƙugi, ta yi ta kashi ruwa-ruwa mai kumfa. Da can tana sha lafiya lau, kuma har yanzu kindirmo kaɗan ba ya damunta. An ce mani alaji ce, in raba ta da madara har abada. Gaskiya ne?
Wani uba daga Tibiri

Wa alaikumus salam. Na haɗa takardunku wuri guda domin a ɗakin yara inda nake aiki, iyaye kan zo da magana ɗaya, “madara ta ƙi shi”, alhali cuta biyu ce daban, kuma ɗaya tana iya kisa, ɗayar wahala ce kawai ta ciki.

Ɗiyata ta Bagalam, da ke zan fara, don naki ya fi gaggawa. Abin da kika bayyana ya yi kama sosai da alajin nonon shanu. Garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar furotin ɗin da ke cikin nono a matsayin abokin gāba, sai ta tashi yaƙi. Shi ya sa abin bai tsaya a ciki ba, ya fito a fata da leɓe, kuma ya zo cikin mintoci. Irin wannan yakan bayyana daga shan nonon zuwa awa biyu, kuma ba ruwansa da yawa: kurɓi uku sun isa, wani yaron ma nonon ya ɗiga masa a kumatu wurin ya yi ja ya tashi. Kada washewar da ya yi da la'asar ta kwantar miki da hankali. Na farko ya zo da sauƙi, wannan bai ce na biyu ma haka zai zo ba.

Ki riƙe waɗannan a ka, ki kuma faɗa wa duk wanda kike bar wa goyo. In bayan ya ci wani abu kika ji numfashinsa yana fito, ko kukansa ya shaƙe, ko harshe ya kumbura, ko ya langaɓe ya yi fari fat, ba lokacin jiƙo ba ne, ba lokacin jiran maigida ya dawo daga kasuwa ba ne. Ki goya shi, ki tare adaidaita ko kabu-kabu zuwa asibiti mafi kusa. Maganinsa a wannan hali allurar adirenalin ce, kuma da wuri ake son ta.

Batun akuya kuwa, ki gaishe mani da Inna, ki ce mata na san da ƙauna ta faɗa. Jar akuyar Maradi abin alfaharinmu ce, ta raini marayu da yawa a ƙasar nan. Sai dai furotin ɗin nononta kusan ɗaya yake da na saniya, har fiye da tara cikin goma na yaran da ke da wannan alaji, na akuya ma tayar masu yake yi. Na tunkiya ma haka. Tafasawa ba ta fitar da shi, barinsa ya yi tsami ba ya fitar da shi, don haka kindirmo, tsala, cuku, man shanu da yawur na leda duk ki ɗauke masa. Ki riƙa duba biskit da garin kunun yara na kanti, yawancinsu da madara a ciki. A jikin kwalin za ki ga an rubuta lait, wato madara da Faransanci. Madarar maƙwabciyarki kuma, laktos, wato sukarin da ke cikin madara, aka cire mata, furotin ɗin yana nan daram. Ga ɗanta magani ce, ga naki haɗari. In da hali ki tafi da Inna ranar ganin likita ta ji da kunnenta, ya fi a ce ke ce kika ƙi maganarta.

Abin da na fi roƙonki: kada ki yaye shi. Raina yana ɓaci in na ga an cire yaro daga nonon uwarsa saboda irin wannan, bayan wata biyu a kawo mana shi da tamowa. Wata bakwai yana shan nononki lafiya kina shan furarki, don haka ke ba sai kin bar nono ba, sai fa in likita ya ga dalili. Ki ci gaba da shayarwa har shekara biyu, ki haɗa masa da kunun gero, wake da aka dafa ya yi laushi, miyar kuka, zogale, garin ƙananan kifi. Ki je wurin likita da karnensa na awo, wato littafinsa na asibiti, ki faɗi abin da ya sha, minti nawa kafin kumburin, da abin da ya fito masa. Wannan bayanin naki shi ne rabin binciken. Ki sa a rubuta a karnen, domin ko abincin leda da ake ba yara masu tamowa akwai madara a cikinsa. Yawancin yara suna rabuwa da wannan alaji kafin su isa shiga makaranta, amma gwajin ko ta tafi a gaban likita ake yinsa, ba a tsakar gida ba.

Akwai wata alajin mai zuwa a hankali, bayan awoyi ko kwana biyu zuwa uku: jariri ya yi ta amai, fata ta bushe tana ƙaiƙayi, a ga zaren jini a kashi, awo ya tsaya. A nan Maradi jini a kashi sau da yawa atini ne, sai an fara duba wannan. In likita ya yi zargin nono ne, yakan sa a ɗauke shi sati biyu zuwa huɗu, sannan a mayar a gani ko alamun za su dawo.

Malam na Tibiri, kwantar da hankalinka, abin da ka faɗa bai yi kama da alaji ba. A cikin madara akwai sukari mai suna laktos. A bangon ƙaramin hanji kuma akwai sinadarin da ke narkar da shi, laktas. Zawo mai tsanani yakan kankare wannan bangon, sinadarin ya ragu. Sai sukarin ya wuce babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin da ke can su far masa, ya yi tsami ya tashi kamar ƙullun da ya kwana. Iskar ce kake ji tana ƙugi, ruwan da sukarin ya jawo shi ne zawon, tsamin kuma shi ke sa ɗuwawun yaro ya yi ja ya saɓule. Yakan fara daga rabin awa zuwa awa biyu bayan sha. Ba borin jini, ba kumburin leɓe, ba matsalar numfashi. Kuma yana bin yawa: cokali biyu shiru, kofi guda a kwana ana wanki. Kai da kanka ka kawo hujja mafi ƙarfi da ka ce kindirmo ba ya damunta, domin ƙwayoyin da ke sa nono tsami sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarin. Da alaji ce, da kindirmon ma bai bar ta ba.

Hanji yana gyara kansa, galibi cikin ƴan makonni. Ka sa a ɗauke mata madarar gari kamar sati biyu zuwa huɗu, a bar mata kindirmon da take ɗauka, amma na nonon da aka tafasa kafin a kwantar. Daga nan a dawo da madarar kaɗan-kaɗan, cikin abinci, ba a kan yunwa ba. Duk ranar da zawo ya taso, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa sha huɗu, kuma ba a hana ta abinci.

Abu ɗaya ya tsaya mani a takardarka: tun damina ne, ga shi an daɗe. In an yi wannan hutun ba ta canza ba, ko tana ramewa, a kai kashinta awo, domin akwai ƙwayar cutar hanji da ake kira jardiya, daga ruwa ake samunta, tana hana bangon hanjin warkewa. Ka kuma dubi ruwan da ake dama madarar da shi da kofin da ake ba ta. Sau da yawa laifin na randa ne aka ɗora wa madara.

Za ka ji manya suna cewa su ma madara tana kumbura masu ciki. Wannan daban ne: kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya sinadarin yana raguwa a jikinsu bayan ƙuruciya, Fulani da Buzaye da yawa kuwa nasu yana ɗorewa har tsufa. Wannan raguwar ba ta cika farawa kafin shekara biyu ko uku ba, kuma a hankali take zuwa. Jarirai kuwa an halicce su da sinadarin a cike, tunda nonon uwa ya fi na saniya laktos, kusan giram 7 a kowane mililita 100, na saniya bai kai 5 ba. Saboda haka in ƙanwarta ko ƙanenta na goye ya yi zawo, a ci gaba da ba shi nono, a ƙara ma, shi ne ke saurin gyara hanjin. Ka rubuto mani bayan wata guda in ji yadda ta kwana da madarar.