Bawul ɗin numfashin injin mota: a wanke shi ko a canza?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 da nake jigilar fasinja da ita tsakanin Gusau da Talata Mafara. Kwanan nan ta fara shan baƙin mai, tana kuma rawa idan tana silo. Bakanikena ya ce bawul ɗin PCV, wato na numfashin injin, shi ne ya toshe, ya wanke shi da fetur, amma matsalar ta dawo. Yanzu ya ce gara a cire shi a toshe tiyon da ƙusa, wai ba shi da wani amfani, idan kuma hakan bai yi ba sai a sauke injin. Hankalina ya tashi, domin da motar nan nake ciyar da iyalina. In sake wankewa, in canza, ko in bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, alamomin da ka lissafa ba su isa su sa a sauke injin ba, kuma amsar tambayarka a taƙaice ita ce ka canza bawul ɗin. Tunda an wanke shi matsalar ta dawo, wanki ya riga ya nuna iyakarsa.

Dalili kuwa yana cikin ƙirarsa. A irin injin motarka bawul ɗin ɗan ƙaramin abu ne da ake ɗaurawa a murfin saman injin, cikinsa akwai ɗan ƙarfe mai kai da komo da sifirin da ke riƙe da shi. Idan mota tana silo, jan iskar injin yana da ƙarfi, sai ƙarfen ya matse hanya ya bar ƙaramar kafa. Idan ka taka totur jan ya ragu, sai sifirin ya buɗe hanyar sosai domin iskar da ta tsallake ringin fistin ta koma silinda a ƙone ta. Wanki yana fitar da dattin mai da ya daskare, amma ba ya mayar wa sifirin ƙarfinsa bayan ya yi shekaru yana shan zafi, ba ya kuma gyara ƙarfen da ya cinye. Shi ya sa gwajin da kanikawa suka saba yi, a girgiza bawul a kusa da kunne a ji yana ƙaras-ƙaras sai a ce lafiyarsa lau, bai wadatar ba. Wanda bai yi ƙara ba tabbas ya maƙale, amma wanda ya yi ƙara ma yana iya zama mataccen sifirin ne a cikinsa.

Wanki yana da wurinsa. Idan kana kan hanya, ko sabo na asali bai samu ba a ranar, a cire shi bayan injin ya huce, a fesa masa maganin wanke kafireta har ruwan ya riƙa fitowa fes, a bar shi ya bushe, a mayar. Kada a zura masa waya. Wannan dabara ta tsaya ga irin mai sifirin kaɗai. Motocin Turai da dama, kamar Volkswagen da Audi da BMW na baya-bayan nan, suna amfani da wani iri mai faifan roba a ciki, wani lokaci ma a haɗe yake da murfin injin gaba ɗaya. Fetur da maganin wanki suna lalata robar, kuma idan ta yage babu abin da zai yi sai canji.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato toshe tiyo da ƙusa. Kusan kullum sai an kawo mini mota na ɗaga banet na tarar da tsohon filogi ko noti an cusa a bakin tiyon an naɗe da waya, ko kuma an zare tiyon an bar shi yana reto a gefen injin, kuma mai motar ya biya kuɗin wannan aiki yana godiya. Hujjar masu yin haka ita ce wai Turawa ne suka saka abin saboda dokar hayaƙinsu, mu a nan bai shafe mu ba. Gaskiya ne cewa dokar hana gurɓata iska ce ta yaɗa shi, domin jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara wajabta shi a sababbin motoci tun 1961, kuma kafin lokacin wani bututu ne ke zubar da iskar a ƙarƙashin mota. Amma injin da aka ƙera bayan haka an gina shi ne bisa cewa za a riƙa zuƙe wannan iska koyaushe. Babu injin da ringinsa ke riƙe iska ɗari bisa ɗari, ko da yau ya fito daga kamfani. Iskar da ke tsallakewa tana ɗauke da tururin ruwa da fetur ɗin da bai ƙone ba da sinadarai masu tsami, kuma duk suna sauka ne inda karanshaf ke juyawa, a kan baƙin mai. Wanda ya toshe mata hanya kamar wanda ya danne murfin tukunya tana tafasa ne, dole ta nemi mafita. Mafitarta ita ce gasket ɗin murfin sama, da sil ɗin karanshaf na gaba da na baya, da gejin mai da za ka ga yana tasowa da kansa, da ɗaya tiyon da ke zuwa wajen filtar iska, inda za ka tarar mai ya jiƙe ko'ina. Sil ɗin baya kuwa ba a kai gare shi sai an sauke giyabos, ka ga abin da aka guje wa kashewa a kan ƙaramin bawul an kashe ninkinsa da yawa a kan aikin hannu kawai.

Barin tiyon yana reto ma ba mafita ba ne. Tururin ba zai fita yadda ya kamata ba tunda babu abin da ke jan sa, sai ya haɗu da mai ya zama baƙin taɓo mai kauri da ke toshe hanyoyin mai. Ga ƙurar hunturu da ta hanyoyinmu tana samun ƙofa kai tsaye ba ta bi ta filta ba, ga warin da fasinjojinka za su riƙa shaƙa tun daga tasha. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, idan bawul ya maƙale a buɗe yana shigar da iskar da ta wuce ƙima, toshe shi yana tsayar da rawar silo nan take, sai a ce bakanike ya iya aiki. Ɓarnar ba ta bayyana sai daga baya, lokacin da babu mai danganta yoyon mai da ƙusar da aka cusa. Daga nan sai a ce a koma mai mai kauri, sai a ce a zuba maganin ƙara kauri, daga ƙarshe a ce injin ya mutu. Ba na zargin bakanikenka da mugunta, haka ya gani a wurin maigidansa, amma duk wanda ya ce wani sashe na injin ba shi da amfani, ka tambaye shi aikin sashen tukuna. Idan bai iya bayani ba, kada ka bar shi ya cire.

Rawar silo tare da shan mai sun fi kama da bawul da ya maƙale a buɗe, ko tiyo da ya tsage, fiye da wanda ya toshe. Saboda haka a duba tiyon da kyau, a lanƙwasa shi a ga ko ya bushe ya tsattsage, domin zafin Maris da Afrilu a Zamfara yana gasa roba, a canza shi tare da bawul ɗin idan ya taurare. Idan aka sa na'urar duba mota ta nuna lamba P0171, ma'anarta iska ta fi fetur yawa, wanda ya dace da wannan zato. Wajen saye ka nemi mai lambar injinka, domin kowane injin da adadin iskar da aka auna masa, kuma biyu suna iya yin kama a ido su bambanta a aiki. Na asali yawanci bai kai kuɗin galan ɗaya na baƙin mai mai kyau ba, don haka babu dalilin sayen tsohon Beljiyam ko jabu. A ɗaura shi a hankali, kada a matse har a cinye zaren murfin.

Bayan an canza, ka cika mai daidai alamar geji, ka rubuta kilomitar da ke kan agogo, ka riƙa dubawa da safe a wuri mai shafe kafin ka tayar da mota. Idan bayan kilomita 1,000 man yana sauka kamar da, ko salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, ko kuma ka buɗe murfin mai injin na silo ka ji iska tana bugo hannunka da ƙarfi, sai a auna matsin kowace silinda da ma'auni a gabanka. Sakamakon wannan awo ne zai nuna ko ringi ya cinye, kuma kafin a yi shi kada ka amince a kwance ko noti ɗaya da sunan sauke injin. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.